Yammaci a Zangon Wagadugu

Da la'asar muka isa Zangon Wagadugu, muka tarar 'yan makaranta suna buga tamaula ba takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu. A gefe dattawa na shan shayi, suna tuna 2013 da Najeriya ta ci Burkina 1-0 a wasan ƙarshe na kofin Afirka.

Can sai hira ta koma kan zinariya. A 2024 gwamnati ta ƙara kasonta a kamfanonin haƙar ma'adinai daga kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ta kuma karɓi mahaƙar Boungou da ta Wahgnion.

Wani tsoho ya nuna yaran, ya ce mana, "Bayin Allah, ranar da kuɗin nan ya sayo musu takalma, ran nan za mu yarda zinariyar tamu ce."