Abin da ya sa magana ke zama a kai

Ni malamin Ingilishi ne a wata kwaleji a nan Agiye. A bara na ba ƴan aji huɗu, masu shirin BEPC, jimloli ashirin su haddace. Bayan mako biyu na tambaya, ajin ya yi tsit. Guda ɗaya ce kowa ya riƙe, har da masu zaman baya da ba su taɓa ɗaga hannu ba: No pain, no gain.

Da farko na ji haushi. Sai da na koma gida na sake duba takardar na gane laifina ne. Sauran goma sha taran jimlolin nahawu ne, ba gishiri ba kanwa. Ita kuwa wannan gaɓa huɗu ce kawai, rabinta biyu daidai wa daida, kuma ƙarshensu na amsa juna. Baki na son faɗinta, kunne na son jin ta.

A makarantar horon malamai an koya mana sunayen adon harshe da Faransanci, muka rubuta a jarrabawa, muka manta. Ban taɓa tunanin kakata, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, tana aiki da su kullum ba. In muka yi nawa sai ta ce, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Ga gaba, ga baya, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Ko a ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri: kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuɗi da sammako. Wa zai manta wannan?

Turawa ma da haka suke kama mutane. Martin Luther King, a jawabinsa na Washington a 1963, ya yi ta komawa kan jimla ɗaya game da mafarkinsa har ta zauna a zukata. Kennedy kuwa, ranar rantsar da shi a 1961, juya magana ya yi, ya sa ƙasa da ɗan ƙasa suka yi musayar wuri a cikin jimla guda.

Yanzu kafin in kawo maganar Ingilishi, sai in ce kowane yaro ya zo da karin magana daga gida. Wata uwa ta aiko tana tambaya, wai Turanci muke koya ko tatsuniya? Ban ga laifinta ba, jarrabawa take tsoro, ni ma haka. Amma tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci na aiki ne. Bai kamata yaro ya ajiye kunnensa na Hausa a bakin ƙofar aji ba.

Makon jiya wata yarinya daga wajen Gazawa ta kawo: sai an sha wuya akan sha daɗi. Kafin in buɗe baki, wani yaro a baya ya ce, "Mushe, ai ita ce waccan ta Turancin!"