Zo Mu Ci Tuwo: Wani Bajamushe a Tsakanin Amurkawa

A shekara ta 2005 na samu damar ƙaro ilimi a wata jami'a ta jihar Wisconsin, a arewacin Amurka. Kuɗin haya sun fi ƙarfin aljihuna, don haka na haɗa gida da wani saurayi Bajamushe, mutumin Hambug, wanda ya zo karatun injiniya. Cikin mako ɗaya muka sauka, a ƙarshen watan Agusta. A zatona ni kaɗai ne baƙo, shi kuwa gidan dangi ya zo: ga launin fata ɗaya, ga Turanci a bakinsa ya fi nawa, ga jihar kanta cike da jikokin Jamusawa. A ƙidayar shekara ta 2000, Amurkawa kusan miliyan 43 ne suka ce asalinsu Jamus ne, kuma babu wani asali da ya kai wannan yawa. Ashe na yi gaggawar yanke hukunci. Kafin wata ya cika, ni ne nake ba shi haƙuri.

Gaisuwa ce ta fara ci masa tuwo a ƙwarya. Ran da muka fara shiga kanti, mai karɓar kuɗi ta dube shi da fara'a ta ce yaya yake. Sai ya ajiye kwandonsa, ya shiga yi mata bayani cewa bai yi barcin kirki ba, katifar ta cika laushi, bayansa na ciwo. Murmushin matar ya daskare, layi ya tsaya. Da muka fito ya ce mini: "Abokina, don me za a tambaye ni abin da ba a son jin amsarsa?" Dariya ta kusa kayar da ni, domin ni wannan ba baƙon abu ba ne. Bahaushe yana kwance da zazzaɓi, a ce masa ina kwana, ya ce lafiya lau. Gaisuwa haƙƙin mutum ce a kanka, ba binciken likita ba ce. Shi kuwa a garinsu wannan tambaya ta wanda aka sani ce, kuma mai yin ta yakan tsaya ya saurari amsa. Abin da Ba'amurke ya ɗauka ladabi, shi ya ɗauke shi ƙarya. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Kamfanin Walmart ya shiga Jamus a 1997, ya fice da asara a 2006, kuma cikin abubuwan da aka yi ta ambata akwai umarnin da ya ba ma'aikata na yi wa kowane mai saye murmushi, abin da ya riƙa ɗaure wa Jamusawa kai.

Sauran ƙananan abubuwa sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Farashin da ke rubuce a jikin kaya ba shi ake biya ba, sai an ɗora haraji a wurin biya. Burodi ya ce soso ne. Ruwan sha sai an cika shi da ƙanƙara ko da ana tsakiyar hunturu. Tukuici kuwa ya ja masa kunya a gidan abinci: ya cika kuɗin suka zama cif kamar yadda ake yi a Jamus, mai hidima ta bi mu da ido. Daga baya muka ji cewa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake bari, domin dokar tarayya tun 1991 ta yarda a biya irin waɗannan ma'aikata dalar Amurka 2 da santi 13 kacal a awa. Ya ce wannan zalunci ne da aka lulluɓe da sunan kyauta, kuma a nan kam ban musa masa ba. Ranar Lahadi ma ta dame shi. A Jamus tsarin mulki da kansa ya keɓe ta don hutu, kantuna a rufe, ba a tada injin yankan ciyawa a unguwa. A nan kuwa ƙarar injin maƙwabci ce take tashinsa.

Tutoci ne suka fi sa shi yin shiru. Kowace ƙofa da tutarta, yara a makaranta suna dafa ƙirji suna yi mata alkawarin biyayya. Ya ce duk wanda ya tashi da tarihin 1933 zuwa 1945 a wuyansa ba ya iya kallon wannan hankali kwance. Sai a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2006 ne Jamusawa suka fito da tutarsu tituna da yawa ba tare da jin nauyi ba.

Amma inda abin ya yi zurfi shi ne sha'anin zumunci. Harshen Jamusanci yana da "kai" iri biyu: Sie na girmamawa, du na kusanci, kuma maƙwabta na iya shekara ashirin ba su tsallaka daga wannan zuwa wancan ba. To, ga farfesa ya ce masa tun ranar farko ya kira shi da sunan yanka, ƙofar ofishinsa kullum a buɗe. Abokina ya ɗauka an ba shi babbar amana. Da ya gane cewa kowa haka ake yi masa, sai ya ji kamar an yaudare shi. Masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin, wanda ya baro Jamus zuwa Amurka a 1933, ya yi rubutu a kan wannan a 1936: Ba'amurke yana da saukin shiga daga waje amma cikinsa a killace yake, Bajamushe kuwa katangarsa a bakin ƙofa take, wanda ya wuce ta ya shiga har ɗaka. Shi ma fa abokina yana ɓata wa mutane rai bai sani ba. Wata ɗaliba ta gabatar da aikinta, kowa ya fara da yabo, shi ya ce akwai kuskure a wuri uku, ya jero su. A ganinsa ya mutunta ta ne, tun da ya karanta aikin da kyau. Mako biyu ba ta gaishe shi ba.

Wata rana wani abokin karatunsa ya ce masa lalle su ci abinci tare wani lokaci. Nan take ya ciro kalandarsa ya ce yaushe. Mutumin ya yi dariya ya ce zai kira shi. Mako uku yana jira. Da na ga abin ya soma cinsa, sai na zaunar da shi na zama malami. Na ce masa mu ma muna da irin wannan: mai cin abinci yana yi wa mai wucewa bisimilla, mai wucewa ya gode ya wuce, kowa ya fita haƙƙin kowa. Na kawo masa karin maganar nan da ke cewa zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi. Na ce gayyatar Ba'amurke haka take, a amsa da fara'a a manta. Ya rubuta a ɗan littafinsa, domin komai sai ya rubuta. Ni kuma na ji daɗin kaina ƙwarai, ɗan Damagaram yana fassara wa Bature Turawa.

Akwai wata tsohuwa a gidan da ke daura da namu, mijinta ya rasu, ƴaƴanta suna nesa. Ana saura mako guda bikin godiya na Amurkawa, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ta tare shi a bakin hanya ta ce mu zo mu biyu, ƙarfe biyu na rana. Ya yi mata murmushin da ya koya, ya ce madalla. Bai gaya mini ba, bai kuma sa a kalanda ba. Ranar 24 ga watan muka wuni a ɗaki, yana ta bin labarin Angela Merkel da ta karɓi mulki kwana biyu kafin nan, muka ci taliya muka kwanta.

Washegari aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar ce, da faranti biyu a rufe. Ta ce ta jira mu har yamma, ta ɗauka wani abu ne ya same mu. Naman talo-talo ne, da dankali, da jan kabeji da ta dafa musamman dominsa yadda kakarta, wadda aka haifa a Jamus, ta koya mata. Ba ta yi ƙorafi ba, ta ma ce ba komai, wannan kuwa ya fi zagi zafi. Fuskar abokina ta yi ja wur. Da ta tafi ya dube ni, bai ce uffan ba. Laifin nawa ne. Na koya masa rabin darasi na ce masa duka ne, alhali a gida na san bambancin bisimillar mai wucewa da goron gayyata. Alamar ba ta da wuya: in an ambaci rana da sa'a, to da gaske ake.

Da yamma ya sa rigarsa ta kirki ya tafi shi kaɗai. Ni da ni ne, da na nemi uzuri na sassauta maganar. Shi ya ce mata ya ji gayyatar sarai, ya ɗauka ba har zuci ta yi ta ba, kuma ya yi mata mummunan zato. Ta gaya mini daga baya cewa tun da take ba a taɓa ba ta haƙuri tsirara haka ba.

Dusar ƙanƙara ta sauka sosai a watan Disamba. Duk daren da ta zuba, ƙarfe bakwai daidai na safe sai in ji ƙarar shebur a ƙofar tsohuwar. Ba ta roƙe shi ba, kuma bai fasa ko sau ɗaya ba har hunturu ya wuce. Takan leƙo ta taga ta tambaye shi yaya yake, shi kuma ya jingina shebur da bango ya fara daga katifa.