Babu jifa mai maki 16

Kansas 72, Karolina ta Arewa 69. Haka aka tashi wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta 2022 a birnin New Orleans, da asubahin yau Talata a agogonmu. Na san yawancinku 'yan ƙwallon ƙafa ne, wasu ma har yanzu ba su warke daga abin da Ghana ta yi mana a Abuja makon jiya ba. To ku yi haƙuri da ni, rubutun yana da ɗan tsawo. Wanda azumi ya fara taɓawa ya ajiye sai an sha ruwa.

Ga waɗanda ba sa bin gasar: a 2022 jami'o'i 68 aka zaɓa daga cikin sama da 350, kuma kifa ɗaya ƙwala ake yi. Babu gida da waje, babu "ma haɗu a zagaye na biyu". In aka doke ka yau, ka tattara kayanka sai baɗi. Wasan minti 40 ne, 20 kafin hutu, 20 bayan hutu, kuma in ƙwallo ta zo hannunku daƙiƙa 30 gare ku ku jefa ko ku ba abokan karawa. Su kansu Amurkawa haukan watan Maris suke ce wa abin.

Ni tun ina ɗalibi a Zariya ƙwallon kwando ta shiga raina. Garin yana da tarihi a wasan nan, can Masai Ujiri ya tashi kafin ya je ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019. Tsawona dai bai kai ni ko'ina ba, sai na koma ɗan kallo. Kansas kuwa na fara binta a 2013, lokacin da Joel Embiid ɗan Kamaru ya je can, sannan Udoka Azubuike haifaffen Legas ya zo a 2016 ya ƙarasa ɗaure ni. Makaranta ce mai asali a harkar: James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan a 1891, shi ne kocinta na farko. Abin dariya, a duk tarihin makarantar shi kaɗai ne kocin da wasannin da aka doke shi suka fi waɗanda ya ci yawa.

Mun sha wuya a 'yan shekarun nan. A 2020 Kansas ce ta ɗaya a duk Amurka, Azubuike yana shekararsa ta ƙarshe, kowa ya sa rai, sai korona ta zo aka soke gasar ɗungurungum. A 2021 jami'ar USC ta yi mana dukan kawo wuƙa, 85 da 51, tun a zagaye na biyu. Saboda haka da muka kai wasan ƙarshe bana, na ce ko za a yi me sai na gani da idona. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na dare aka fara. Ba wuta, na tada janareta da ɗan man da na yi ta tattali, na tashi babban ɗana muka zauna.

An fara da daɗi, mun ci maki 7 kafin su ci ko ɗaya. Daga nan sai labari ya sha bamban. Ana 22 da 22, Karolina ta zuba mana maki 16 a jere ba mu ce uffan ba: 38 da 22. Akwai wani ƙaton yaronsu, Armando Bacot, wanda ya shigo da ciwon idon sawu tun wasansu da Duke, amma duk ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo sai ka gan ta a hannunsa. Aka tafi hutu suna da 40, muna da 25. A tarihin wasan ƙarshe na gasar nan ba a taɓa samun wanda aka ba ratar maki 16 ya dawo ya ci ba. Mafi girma da aka taɓa gani 15 ne, kuma tun 1963.

Sai ɗana ya miƙe ya ce, "Abba, an gama fa. A kashe janareta, kar a yi asarar mai da barci gaba ɗaya."

Bari in gaya muku wane ne mai maganar nan. Yaro ne ɗan aji uku a jami'a, wanda a lissafi ya kamata a ce yana shirin fita. Yajin aikin 2020 ya cinye masa wata tara. Yanzu kuma tun 14 ga Fabrairu yana gida, yau kwana 50 cif, kuma a tsakiyar Maris aka ƙara wa yajin wata biyu. Makon jiya ya same ni bayan la'asar ya ce yana so ya ajiye karatun, ya bi wani abokinsa kasuwar waya. Ya lissafa mini shekarunsa, ya lissafa watannin da suka tafi, ya lissafa sa'o'insa da suka yi gaba. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Tun ranar maganar take cina, don lissafinsa babu ƙarya a ciki.

Na ce masa, "Zauna. Man ai an riga an zuba."

A ƙwallon kwando, jifa mafi tsada maki uku ne. Na kusa maki biyu, na tara maki ɗaya. Babu jifa mai maki 16. Duk gwanintarka ba za ka biya irin wannan bashi lokaci ɗaya ba, kuma abin da ke kashe ƙungiyoyi da yawa ke nan: kowa sai ya ce shi zai ceto jama'a, a yi ta cilla ƙwallo daga nesa, rata ta ƙara faɗi. An ba da labari bayan wasa cewa koci Bill Self ya tambayi yaransa a ɗakin hutu, wanne suka fi so: a bi su 15 da sauran minti 20, ko a bi su 9 da sauran minti biyu? Ba tambayar banza ba ce. A wasan ƙarshe na 2008, Memphis tana gaban Kansas da maki 9 saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, kuma Kansas ta dawo ta ɗauki kofin, shi ɗin dai ne koci. Wato yana nuna musu cewa lokaci yana nan, gaggawa ce kawai za ta cuce su.

Da aka dawo, wallahi sai ka ce an canza yaran. Daga tsaron gida suka fara. Dajuan Harris, ɗan siririn nan, ya manne wa mai rarraba musu ƙwallo kamar kaska. A ƙwace, a ruga, a saka biyu. A sake tarewa, a sake saka biyu. Christian Braun da Jalen Wilson suka yi ta kutsawa ƙarƙashin kwando. Rata ta sauko 12, ta sauko 8, ta sauko 4. Kafin a cinye minti goma an yi kunnen doki, 50 da 50, jim kaɗan kuma muna gaba 56 da 50. Da yayyafi kogi kan cika, yau na gan shi a talabijin. Ɗan nawa da ya ce a kashe janareta, a tsaye ya ƙarasa kallon, sai da mahaifiyarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, ku rage murya mana, maƙwabta za su ɗauka ɓarawo aka kama."

Kar ku ɗauka Karolina ta miƙa wuya. Sun farfaɗo, saura ƙasa da minti biyu suna gaba 69 da 68. A nan David McCormack ya jefa ta ƙi shiga, ya tashi ya cafke abarsa a tsakiyar mutum biyu, ya sake jefawa ta shiga: 70 da 69. Bacot ya taho zai rama, ƙafar nan mai ciwo ta sake gurɗewa, ya faɗi. Ya tashi yana ɗingishi da ƙafa ɗaya yana bin wasa, 'yan Kansas kuma suka riƙe ƙwallo ba su ruga sun ci moriyar halin da yake ciki ba har alƙali ya tsayar. Saura daƙiƙa 22 McCormack ya ƙara biyu. Sai kuma ga abin da ya kusa tsayar mini da zuciya: saura daƙiƙa huɗu da ɗoriya, ƙwallo tana hannunmu, Harris ya taka layi. Aka mayar wa Karolina. Caleb Love, wanda ya kashe Duke da jifan nesa kwana biyu kafin nan, ya tashi ya cilla na maki uku. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Bai shiga ba. Kofi na huɗu ke nan, bayan na 1952, 1988 da 2008. Biyar saura muka zauna sahur, hannuna yana rawa.

Ku dubi waɗanda suka biya bashin nan. McCormack shekararsa huɗu a Kansas. An yi masa aiki a ƙafa bayan kakar bara, ya yi ta wasa da ciwo, magoya baya suka yi ta zaginsa a intanet suna cewa a ajiye shi a benci. Shi ya ci maki 25 a kan Villanova a wasan kusa da na ƙarshe, shi ya ci maki huɗun ƙarshe yau. Ochai Agbaji, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi aka ba gwarzon gasa. Da ya zo makarantar ba a ma yi niyyar sa shi wasa a shekarar farko ba, sai da Azubuike ya ji ciwo a Janairun 2019 aka ce ya shigo. Bara ya leƙa ƙofar NBA, ya ga da sauransa, ya koma aji ya ƙarasa shekara ta huɗu. A zamanin da manyan taurari ke yin shekara ɗaya su wuce neman kuɗi, waɗanda suka zauna ne suka ɗaga kofi.

Kun san halin iyaye, ba ma barin dama ta wuce. Muna cin sahur na fara: ka gani ko, bashi a hankali ake biyansa, wanda ya zauna shi ke ganin ƙarshe. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, "Gaskiya ne Abba. Amma su ai da hutu ya ƙare an buɗe musu ƙofa sun koma fili. Mu wa ya san ranar da namu hutun zai ƙare?"

Na yi shiru. Ku gaya mini, me zan ce? Yaran nan da muka kwana kallo ɗalibai ne sa'o'insa, akasarinsu 'yan shekara 19 zuwa 23. Za su koma su tarar da aji a buɗe, ranar kammala karatunsu tana rubuce tun ranar da suka shiga. Ba ina cewa can aljanna ce ba. Gasar tana kawo ɗaruruwan miliyoyin daloli duk shekara, amma sai a Yulin 2021 aka yarda 'yan wasan su sami ko kwabo da sunansu, ita kanta Kansas ɗin a 2022 hukumar NCAA tana bincikenta kan yadda aka ɗauko wasu 'yan wasa. Suna da nasu datti. Amma agogonsu yana tafiya, kuma wanda ake bi bashi a fili yana da minti 20 a hannunsa da zai yi wani abu da su. Haƙurin da muke ta yi wa 'ya'yanmu wa'azinsa yana buƙatar fili. Ba zan shiga batun wa ke da laifi ba, kun san mu ma'aikatan gwamnati bakinmu da linzami. Abin da na sani shi ne akwai yara dubbai a gidaje irin nawa da suka fara lissafin da ɗana yake yi, kuma wasunsu in suka fita ba za su dawo ba.

Ga inda muka tsaya ni da shi. Na yarda ya riƙa zuwa kasuwar wayar, ya koyi gyara da ciniki, sana'a ba ta taɓa zama asara ba. Shi kuma na roƙe shi kar ya rubuta takardar barin makaranta, kuma ya ware awa biyu kullum bayan asuba ya buɗe littattafansa, ko babi ɗaya ne. Maki biyu-biyu ke nan, iya abin da ke hannunmu. Ya ce zai yi tunani. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Na san akwai wanda zai rubuto mini a ƙasa cewa, Malam, ƙasa tana cikin wannan hali kai kana zancen ƙwallon Turawa. Ban manta ba. A ranar wasan nan na 2022 kwana takwas ke nan da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, an binne wasu, wasu suna daji a lokacin, iyalansu da hawaye suke buɗe-baki. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, albarkar wannan wata. Farin cikin awa biyu bai goge wannan ba. Amma a cikin kwana 50 ɗin nan, daren jiya ne karo na farko da na ji yaron nan ya yi dariya har da tafi, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba.

'Yan Karolina da ke cikinku, na san ku biyu ne ko uku, ku karɓi gaisuwa. Kocinku Hubert Davis a shekararsa ta farko ya kawo ku har nan, kun kori Duke kun yi wa Mike Krzyzewski ritaya bayan shekara 42, Bacot kuma ya tashi da maki 15 da cafke 15 a kan ƙafa ɗaya da rabi. Ba ku ji kunya ba. Sai dai kofi yana Kansas.

Iyaye da ke da ɗalibai a gida, ina so in ji daga gare ku: me kuke gaya musu, kuma me suke ce muku? Ku rubuto, wataƙila wani ya fi ni dabara. Ni dai yanzu ga fayil-fayil a gabana, ga barci a idona. Allah ya karɓi ibadunmu, a sha ruwa lafiya.