Abin da Ke Bayan Marfin Agogo

A watan Nuwamba na 2021, gidan gwanjo na Phillips da ke Geneva ya sayar da wani agogon hannu, Omega Speedmaster ƙirar 1957, a kan sama da faran miliyan 3 na ƙasar Suwizalan. In aka juya zuwa sefa, kuɗin sun kusa biliyan 2. Kamfanin Omega da kansa ya saya don ya ajiye a gidan tarihinsa. Sai a Yunin 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne: yawancin kayansa na gaske ne, amma daga agogo daban-daban aka tsinto su aka ɗaura, kuma yana zargin tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki.

Da ɗana ya karanta mini labarin daga wayarsa, dariya na yi, sannan jikina ya yi sanyi. Irin wannan agogo ni ma na haɗa shi, ba sau ɗaya ba. Mahaifina ya haɗa kafin ni, a kan teburinsa mai akwatin gilashi kusa da tasha a Dogon Dutsi, inda motocin Yamai ke wucewa zuwa Ƙonni. Sana'ar ke nan. Manomi ya taso daga Matankari ko Kore Mairuwa da Seiko 5 wanda ƙurar hunturu ta tsayar, ba za ka ce masa ya jira kaya daga Japan ba. Akwai gwangwani cike da matattun agogo a ƙarƙashin tebur. Ka sa hantsaki ka ciro hannu daga wannan, sifirin daga wancan, marfi daga wani, kafin la'asar agogo ya tashi, mai shi ya biya ya sa maka albarka. Babu wanda ya taɓa kiran wannan ha'inci, domin komai a gabansa ake yi.

Jabu zalla ba ya ba ni wahala. Tun da wayoyi suka cika gari, duk gidan da wani tsohon Alhaji ya rasu ya bar agogo mai ruwan zinari, sai an sami yaron da ya ga hotunan gwanjo. Ya ga an sayar da Rolex ɗin ɗan fim Paul Newman dalar Amurka miliyan 17 da ɗoriya a New York a 2017, ya ga na shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya tashi dala 840,000 a ƙarshen 2024, sai lissafi ya fara kafin a yi sadakar arba'in. A kawo mini a nannaɗe cikin hankici. Nakan fara kallon hannun sakan. Yawancin Rolex na zamanin nan injinsu na bugawa sau takwas a sakan guda, don haka hannun tafiya yake yi sumul, ba tsalle ba. Ɗan kumburin gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, na jabu kuwa da ƙyar yake ƙara komai. Amma masu kwaikwayo sun ƙware, waje ba ya isa shaida. Mai sayen rago bakinsa yake buɗewa ya ga haƙora, ni marfin baya nake buɗewa. Sau da yawa abin da nake tararwa shi ne ɗan ƙaramin inji mai batir, an zagaye shi da farar roba don kada ya yi ta ƙwal-ƙwal a ciki. Nakan juya shi ga babban wa in ce, “Alhaji, duba da idonka.” Ba na ƙara komai.

Seiko kuma da kansa yake ba da shaida, in ka iya karanta shi. A tsofaffin, lambar da ke bayan marfi guda shida ce ko bakwai: ta farko ƙarshen shekarar ƙira, ta biyu wata, inda O da N da D ke tsayawa a madadin Oktoba, Nuwamba da Disamba. Tunda lambar shekara tana dawowa duk bayan shekara goma, sai ka haɗa da lambar inji. Injin 7S26 a 1996 ya fito, saboda haka wanda ya ce maka kakansa ya sayo shi a Makka zamanin Seyni Kunce, ko dai labarin ya gurɓata a hanya, ko an canja injin. Lambar injin tana nan a marfi, tana nan da ƙananan haruffa a ƙasan fuska, tana kuma jikin injin. In ukun ba su yi daidai ba, hannu ya shiga. Ko Casio F-91W, da ba ya wuce ƴan jikkuna, ana yin jabunsa. Danne maɓallin dama na ɗan lokaci, na gaske zai rubuta sunan kamfanin a fuska.

Wanda ya hana ni barci na gaske ne. Wasu magada daga wani ƙauye a yankin Tibiri suka kawo Omega na kakansu, tsohon sojan Faransa, irin dattawan nan da Arewa ta tara da yawa, masu karɓar fansho su sa lambobinsu ranar biki. Tare da su akwai wani dillali daga Yamai mai bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin kaya don masu kai wa Turai. Ya yi tayi mai tsoka, kuɗin da za su sayi shanun huɗa har a yi wa wata marainiya kayan ɗaki. Sharaɗinsa guda: in duba in rubuta cewa komai na asali ne.

Na buɗe. Injin na Omega ne, lambarsa tana nan. Amma a cikin marfin, daga gefe, akwai ƴar alama da aka karta da tsinin allura, kuma na san hannun da ya karta ta. Masu gyaran da haka suke yi, kowa da alamarsa. Ta Baba ce. Da na sa madubi a ido sai na ga sauran: hannayen biyu ba na gidan ba ne, maɓallin wani ma haka, fuskar kuma an sake mata fenti, haruffan sun fi na kamfani kauri. Na tuna yadda dattawa kan zo gab da Sallah su ce, “Malam, a wanke masa fuska ya yi haske.” Baba ya yi abin da aka roƙe shi, ya yi shi da kyau.

Abin takaici, wannan kyan shi ne ya kashe kuɗin. Masu tara agogo a Turai fuskar da rana ta ƙona suke nema. Baƙar fuska da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa ita ce ta sa aka yi rububin wancan Speedmaster na Geneva. Rana irin tamu ta Dallol Mawri kyauta take yin wannan aiki, mu kuma muna karɓar ƴan daloli mu goge shi. Su a can har fitila ta musamman suke haskawa su ga ko an taɓa fenti, su kara na'urar auna tururin radiyom a jikin lambobin da ke haske da dare, domin agogon da aka ƙera kafin shekarun 1960 da radiyom ake shafa musu. Suna kuma neman takarda daga kundin kamfani mai nuna ranar ƙira. Duk da haka aka shigar da su, domin a cewar Omega, wasu daga cikin masu riƙe da kundin ne suka ba da hannu. Takarda ba ta fi wanda ya rubuta ta gaskiya ba.

Dillalin ya ja ni gefe. “Malam, wa zai sani? Turawan nan kuɗi ne ya yi musu yawa. Ka taimaki marayu.” Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Babu wanda zai zo daga Geneva ya neme ni a Dutsi, mutanen da ke tsaye gabana kuwa na san damina ba ta yi musu kyau ba. Na daɗe riƙe da biro. Abin da ya tsayar da ni alamar nan ce. Baba ya karta ta ne don duk wanda ya buɗe bayansa ya san an taɓa. In na rubuta cewa ba a taɓa ba, na mayar da aikinsa na halal ya zama kayan zamba, shi kuma yana kabari ba shi da bakin musu.

Na rubuta abin da na gani: inji da gida na asali, hannaye da maɓalli canji, fuska sabon fenti. Tayin ya faɗi ƙasa da rabi. Wata gwaggonsu ta dube ni ta ce, “Ɗana, ubanka ya ɓata, kai ka tona.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri.” Ba ni da wata amsa, kuma har yau in muka haɗu a kasuwa gaisuwarta gajeriya ce.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake aiki. Duk abin da na cire daga tsohon agogo, ko hannu ne da ya yi tsatsa, ina ƙulle shi a ƴar leda in miƙa wa mai shi, in ce ya ajiye tare da agogon. Ina da littafi da nake rubuta lambar marfi, lambar inji, abin da na canja da ranar. Wanda ya ce in goge masa gida ko in sake fenti, sai na gaya masa abin da zai iya rasawa, in ya nace in yi, agogonsa ne. Yawancinsu nacewa suke yi, don Sallah ta fi Geneva kusa.

Magadan ba su sayar ba. Malamin da ya raba gadon ya sa aka yi wa agogon kuɗi bisa takardata, babban jikan ya ɗauke shi a cikin rabonsa, ya biya ƙannensa mata da buhunan hatsi bayan girbi.