Nashville, Garin da Bai Yar da Makaɗansa Ba

Tun ina yaro a Isa na san muryar Don Williams, ban kuwa san sunansa ba. Ƙanen mahaifina direba ne mai jigila tsakanin Isa, Sabon Birni da Maraɗi, kuma kaset biyu ne ba sa barin motarsa: na Narambaɗa da na wannan Bature mai murya a kwance. In na ce, "Baba, me yake cewa?" sai ya ce, "Ɗana, ban jin Turanci, amma mutumin ga ba ya ƙarya." Shi ya sa da aiki ya kai ni Amurka, na ware kwana huɗu na je Nashville, inda irin wannan kiɗa ya kafa gida.

Nashville ce hedikwatar jihar Tennessee, tana bakin kogin Cumberland, zafinta mai gumi ne, sanyinta kuma ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. Kiɗan nasu suna ce masa kantiri, wato kiɗan mutanen karkara, na manoma da makiyaya da direbobin manyan motoci. Kayan kiɗan su ne jita, da gogen Turawa, da wani abu mai suna banjo. Shi banjo ɗan gida ne: bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, kuma duk wanda ya san gurmi ko molo zai ji dangantakar.

Baƙo yakan fara da titin Broadway. Gidajen kiɗa ne jere da juna, irin su Tootsie's da Robert's Western World, ana kiɗa tun hantsi har wajen ƙarfe uku na dare. Ba a biyan kuɗin shiga. Bokiti ake zagayawa da shi kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, ba liƙi a goshi, ba maroƙi mai kiran sunan wanda ya bayar. Makaɗan gwanaye ne ƙwarai, amma ban jima a titin ba. Giya ta yi yawa, ihu ya rufe waƙa, na kuma ga samari da 'yan mata suna tangaɗi tun kafin isha'i. Raina bai so ba.

Inda na samu abin da na zo nema shi ne Bluebird Cafe, ɗan ƙaramin ɗaki da aka buɗe a 1982, mai kujeru kamar 90. A nan masu tsara waƙa ke zama a tsakiya, kowa da jitarsa, ya faɗi dalilin waƙar sannan ya rera. Ƙa'idar gidan ita ce shiru. Na ga wata dattijuwa ta ajiye cokalinta a hankali, ba ta sake taɓa abincin ba sai da waƙa ta ƙare. A ɗakin nan ne aka gano Taylor Swift a 2004, tana da shekara 14.

Abincin da garin ke taƙama da shi kaza ce mai yaji. Ana soya ta ta yi ƙarau, a shafe ta da jan barkono har ta yi duhu, a ɗora kan yankan farin burodi da kokwamba mai tsami. Gidan Prince ne asalinta tun shekarun 1930, kuma iyalin suna ba da labarin cewa wata mata ce ta cika wa Thornton Prince barkono don ta hukunta shi kan yawon dare, shi kuwa abin ya yi masa daɗi. Ni da na tashi da yajin tsire na ɗauka wasa ne, sai da na sha ruwa kofi uku. Amma Musulmi ya yi tambaya kafin ya ci, domin a girkin asali wasu da man alade suke kwaɓa yajin, kuma ganyen da suke dafawa ma sukan jefa masa naman alade. Wanda ke son kwanciyar hankali ya nufi titin Nolensville. Nashville ce ta fi kowane gari a Amurka yawan Kurdawa, kuma a can na yi sallar Juma'a a masallacin Salahadeen, na ci gasasshen naman rago da gurasa mai zafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani guntun katako ne. A 1925 gidan rediyon WSM ya fara shirin da ya zama Grand Ole Opry, kuma har yau ana yin sa. Daga 1943 zuwa 1974 a zauren Ryman ake gabatar da shi, ginin da aka yi a 1892 don wa'azin Kirista, har yanzu bencinan cocin ne ake zama a kai. Da za su koma sabon zaure, sai suka yanko da'ira mai faɗin ƙafa 6 daga tsohon dandamalin suka dasa a tsakiyar sabon, don kowane yaro mai tasowa ya tsaya inda magabatansa suka tsaya. Ambaliyar 2010 ta shanye dandamalin, suka ciro katakon suka gyara suka mayar. A daren da na je, wani tsohon mawaƙi ya fito yana takawa da ƙyar, jama'a suka miƙe tsaye tun bai buɗe baki ba. Ban zaci ganin irin wannan girmama tsoho a Amurka ba.

A nan tunanin gida ya kama ni. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi Bakandamiya, bai gaza kowa a cikin waɗanda hotunansu ke rataye a gidan tarihin kiɗan Nashville ba. Su sun adana riguna da jita da takardun da aka rubuta waƙa a kai, mu kuwa mun bar kotso da zubin 'yan amshi a tsofaffin kaset da katin waya. Ga 'yan bindiga sun raba mu da hirar dare, wadda a cikinta yaro ke jin waɗannan waƙoƙi daga bakin manya.

Ya ku sarakunanmu da attajiran Isa da Sabon Birni, a ware ɗaki ko da guda ne a tara muryar Narambaɗa, a kuma ɗauki bayanin dattawan da suka san ma'anar kalmominsa tun suna raye.