Ɗanɗano ma sha ne: nasiha ga ɗan'uwa matafiyi da aka gayyata gonar giyar inabi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, yau ƴaƴanmu da ƙannenmu sun yawaita a ƙasashen waje. Wani karatu ya kai shi Faransa, wani fatauci ya kai shi Maroko, wani kuma taron masu sana'a ne aka zaɓe shi ya wakilci Maraɗi ko Damagaram. A irin waɗannan tafiye-tafiye akwai wata jarrabawa da ba ta zuwa da kamannin mashaya. Takan zo da sunan karramawa. Sai a ce maka: gobe za mu ziyarci gonar wani hamshaƙi da ya fara da hannu biyu, ku ji tarihinsa, ku ɗanɗani abin da yake sarrafawa. Abin da yake sarrafawar kuwa giyar inabi ce.

Masu wannan sana'a, gaskiya, akwai masu himma a cikinsu. Kamfanin Castel, alal misali, Pierre Castel da ƴan'uwansa ne suka kafa shi a Bordo a 1949, ya bunƙasa har ya mallaki masana'antun giya a ƙasashen Afirka da dama, ya kuma dasa gonar inabi a Habasha wadda giyarta ta shiga kasuwa a 2014. Saurayin da ke mafarkin kafa nasa kamfani, in ya ji irin wannan labari, dole zuciyarsa ta motsa. To a daidai lokacin da zuciyar ta motsa ake miƙo kofin.

Ga yadda abin ke gudana, don kada ya zo maka ba shiri. Za a zagaya da ku cikin gona, a nuna muku inda ake matse inabin, da inda ake barin ruwansa ya ruɓa har zaƙinsa ya rikiɗe ya koma barasa, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gangunan katako suke jere. Daga nan a kai ku wani zaure. A zuba ɗan kaɗan a gindin kofin gilashi. A ce ka dubi launi, ka kaɗa kofin, ka shinshina, ka kurɓa, ka juya a baki. Ga kuma wani ɗan bokiti a gefe na tofarwa. Wannan bokitin shi ne hujjar da za a kafa maka: ai ba sha za ka yi ba, ɗanɗanawa ce kawai, ka tofar.

Ka tsaya nan ka yi tunani. Allah bai haramta giya a rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an fara bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye. Sannan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, hukunci ya yanke. Ka lura, umurnin da ya zo a nan na nisanta ne, kuma nisanta ya fi barin sha faɗi. Wanda ya ɗauki kofi ya kai baki bai nisanta ba, ko ya haɗiye ko ya tofar. Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labarin cewa yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha lokacin da mai shela ya sanar da haramcin, nan take aka zubar da ita har ta kwarara a lungunan Madina. Ba a ji wanda ya nemi kurɓin bankwana ba.

Hadisin Jabir (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya toshe ƙofar "ɗan kaɗan": duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Giyar inabi kuwa, barasar da ke cikinta takan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100, wato ta ninka ta giyar kwalba da aka saba gani sau biyu ko fiye. Kuma ba mai kurkure baki da abu ya ce ko ɗigo bai wuce maƙogwaro ba. Bayan wannan, a mazhabarmu ta Malikiyya giya najasa ce. Ya kai mai kiyaye tsarkin tufa da jiki kafin ka fuskanci alƙibla, yaya za ka cika bakin da kake karanta Fatiha da shi da najasa bisa ganganci, don kawai kada mai masauki ya ji ba daɗi?

Wani zai ce: to ni ba zan taɓa ba, zan dai zauna tare da su. Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani da Allah da Ranar Lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Zauren ɗanɗano kuwa ba don komai aka gina shi ba sai don giyar.

Na taɓa shiga irin wannan hali a wata tafiya ta baje kolin kayan gona a Faransa, tare da wasu ƴan kasuwa masu aya da riɗi. Tun daren da muka ga tsarin ziyara a takarda muka sami mai yi mana tafinta, muka ce ya gaya wa masu masauki cewa addininmu bai yarje mana wannan sashe ba, amma muna godiya da karamci. Da safe sauran baƙi suka tafi gonar, mu kuwa aka haɗa mu da wani mai injin gyaran hatsi, muka wuni muna ganin aikinsa. Ɗaya daga cikin masu masaukin ya ɗan sauya fuska, bai kuma sake neman mu ba. Sauran ba su ɗauke shi komai ba. Don haka ba zan yi maka alkawarin cewa ba za ka rasa komai ba. Ta yiwu wani ciniki ya kufce. Amma arzikin da aka rubuta maka ba kofin wani ne zai kawo shi ba. Abin da na koya shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Faɗi da wuri, cikin sakin fuska, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙin karɓa bayan an miƙo maka a gaban jama'a.

Lamarin bai tsaya ga mai kurɓa ba. Hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Maja suka kawo ya ambaci mutum goma da la'ana ta shafa saboda giya: mai matsa ta da wanda aka matsa wa, mai sha, mai ɗauka da wanda aka kai wa, mai shayarwa, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. Ka dubi wannan jeri da kyau in kai ɗalibi ne da ake kwaɗaita wa aikin tsinkar inabi a watan Satumba a gonar da ka san matsewa za a yi, ko ɗan kasuwa da aka ce ka sanya hannun jari, ko aka ba ka kwalba tsaraba ka kai wa wani. Malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, kamar dai yadda ba ya halatta ka auna wa mai burkutu dawa alhali ka san inda za ta. Ita kuma wadda ake rubuta wa "an cire barasa", ka sani dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira ta da wannan suna ko da akwai saura har rabin kashi 1 cikin 100, kuma asalinta giya ce aka fara yi. Barin ta ya fi zama kariya ga addininka.

Shi inabi ni'ima ce, ba laifinsa. Ka ci ɗanye, ka ci zabibi, ka sha ruwansa da bai ruɓa ba. Muslim ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha, amma ba ya bari ya wuce kwana uku. Ma'aunin dai shi ne maye.

Kuma akwai abin koyi halal wajen waɗannan mutane. Itacen inabi sai ya shekara kamar uku kafin ya ba da amfanin kirki, su kuwa sukan jira. Suna tsare inganci, suna kare sunan yankinsu da doka, ta yadda ba mai sayar da kayan wani wuri da sunan Bordo. Mu ma muna da albasar Galmi, da kilishi, da ayar Maraɗi, da tattasan Diffa, waɗanda suka cancanci irin wannan kulawa. Wannan darasi kana iya ɗaukar sa a littafi, a taro, ko a gonar zaitun da ta tuffa, ba sai ka taka zauren giya ba.

In kana da ɗa ko ƙane a waje, ka isar masa da wannan saƙo tun kafin gayyata ta same shi. Wanda kuma ya riga ya auka cikin rashin sani ko jin kunya, ƙofar tuba a buɗe take. Ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, kada ya tona wa kansa asiri.

Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da daji, Ya wadata mu da halal, Ya shirya mana zuriya. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.