Auta mai ƙanne uku

Mu nan Ingila sai godiya, in ban da sanyi.

Yaya, kin yi ƙorafin ban kira gida ba makon jiya. To ga abin da ya faru.

A sashenmu akwai wata manhaja da duk ɗalibai ke aiki da ita. Shekara biyu da suka wuce na yi mata wata ƙofa, wato hanyar da wata manhajar za ta bi ta karɓi lissafi daga tamu. Da yake gwaji nake yi, sai na liƙa "exp_" a gaban sunanta, alamar kada kowa ya dogara da ita tukuna. Haka masu wannan sana'a suke yi: 'yan React kan sa "unstable_", 'yan Kubernetes kuma su sa irin su "v1alpha1".

Da ƙofar ta nuna, sai na cire "exp_" ɗin, ina murna. Ashe mutum huɗu sun daɗe suna bi ta nan. Manhajojinsu suka nemi tsohon suna suka rasa, aiki ya tsaya cak. Cikinsu har da wata baiwar Allah da saura kwana biyar ta miƙa kundin digirinta. Wallahi da na ga idonta, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malamina bai yi faɗa ba. Cewa ya yi manya ma sun faɗa wannan rami. Shekaru da dama masu tsara ƙa'idojin intanet suna sa "X-" a gaban sunan da ba a tabbatar ba, sai jama'a su runguma, cirewa ta gagara. A 2012 hukumar IETF ta fitar da takardar RFC 6648 tana cewa a bar wannan al'ada. A 2014 aka samar da "Forwarded" don ya gaji "X-Forwarded-For", amma har gobe tsohon na nan daram.

Nan take na tuna Autanmu. Inna ta yi masa ƙanne uku, ga shi da gemu, amma wa ya taɓa kiran sa da sunan yanka? Sabon Garin Kano ma ya haura shekara 100, bai daina zama sabo ba.

Na mayar da tsohon sunan, yanzu duka biyun suna aiki. Daga yau duk ƙofar da zan yi, sunanta na gaskiya zan raɗa mata tun ranar farko, gargaɗin kuma ya riƙa fitowa a allo duk sanda aka bi ta. Baiwar Allah dai ta miƙa kundinta a kan lokaci, alhamdu lillahi.

A gaishe da Inna, a ce wa Auta ya shiga tarihi. Ku ci gaba da sa mu a addu'a. Sai wasiƙa ta gaba.